Ranar da Na Kai Baffa Caji Ofis

Ni dai gaggawa a jinina take. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce ko kunu aka dama ba na iya jira ya huce, sai na ƙona baki sannan in zo ina ba wa mai damu laifi. Na girma, na yi karatu, na zama malamin firamare a Gumel, na yi aure har da 'ya'ya uku, amma halin bai bar ni ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne na sami babur, wato gaggawar ta sami ƙafa.

A shekarun da nake magana masu kaki sun yi yawa a ƙasarmu. Daga Gagarawa Tasha zuwa Maigatari sai ka gaji da ɗaga hannu: ga 'yan sanda, ga 'yan sintiri, ga ma'aikatan boda, ga waɗanda ban ma san ko su wane ne ba. A cikinsu duka ba waɗanda na raina kamar 'yan sulhu. Dattawa ne aka tsinto daga ƙauyuka da rugage, aka ba kowa 'yar falmaran kore ya ɗora a kan rigarsa, aka ce idan shanu sun shiga gona su za a fara nema. Ba bindiga, ba ankwa, ba ɗakin rufe mutum, ko kulki babu. Nakan ce wa abokan aikina falmaran ce kawai take yawo, ba hukuma a cikinta, su yi ta dariya.

Mai sulhun ƙauyenmu, wanda yake tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, tsohon dillalin shanu ne, yana jin Fillanci kamar a ruga aka yanke masa cibiya. Idan aka kawo masa maganar ɓarna ba ya zuwa a ranar, sai fa in an ce wani ya zare makami. Yakan ce a bar magana ta kwana. Washegari sai ya sa mai gona da mai shanu a gaba su zagaya gonar tare, shi yana baya yana tauna goro yana jefa tambayoyin da ba ka ga abin da ya haɗa su da zancen ba. Ni duk wannan ɓata lokaci na ɗauke shi.

Akwai wani dattijon Bafillace da rugarsa take arewa da garinmu, aminin mahaifina ne tun suna samari. Baffa muke ce masa. Shanun Baba a hannunsa suke tun kafin a haife ni, ba takarda, ba shaida, ba a taɓa jin kansu ba. Duk kaka damin geron farko ruga ake kai shi, duk rani kuma garken Baffa a gonarmu yake kwana ya bar mana taki. Da girma ya kama Baba, idanunsa suka mutu, sa'o'insa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, sai ya zama Baffa kaɗai ya rage masa. Duk bayan kwana biyu zai zo ya zauna a zaure ya ba shi labarin shanun, wace ce ta haihu, wace ce take ɗingishi, wace ce ta fiye rashin ji. A lokacin ne kawai nake jin dariyar Baba har cikin gida.

Shekarar da abin ya faru, na ga masu sayen riɗi sun cika Maigatari, sai na ce ni ma ba za a bar ni a baya ba. Na yanki ƙarshen gonar Baba, can bayan dawa, na shuka. Amma sai da na jira hutun makaranta, don haka na makara. Mutane sun kai gero gida, sun roro wake, sun yanke kan dawa, nawa riɗin a lokacin aka yanka aka ɗaure aka tsayar da shi tsibi-tsibi yana shan rana. Wanda ya san riɗi ya san wannan ne lokacin da ya fi hatsari. Bakinsa ya buɗe, jira kawai yake a shimfiɗa buhu a kaɗe. Ko akuya ta goge shi sai ya zube, kuma abin da ya zuba a yashin ƙasarmu ya tafi ke nan.

Ranar wata Asabar da hantsi na iso da buhunana a bayan babur. Tun daga nesa na ga tsibin ba yadda na bar su suke ba. Fiye da rabi a kwance, an tattake, ga sawun kofato ko'ina, ga kashin shanu ɗanye. Wasu an ɗaga an sake jingine su a karkace, amma ban tsaya tunanin wanda ya yi hakan ba. Na durƙusa na damƙi ƙasa, yashi ya fi riɗin yawa. Wahalar damina guda ce a tafin hannuna. Da na ɗaga kai sai ga garke can cikin karan dawa, ga mutum da rawani da malafa ya ɗaga mini hannu yana tahowa da sauri-sauri irin na tsofaffi. Baffa ne. Ban jira shi ba, na buga babur na yi gida.

Baba ya saurare ni har na gama kumfar bakina. Sai ya ce in je in gaya wa mai sulhu, kuma kada in kuskura in yi wa Baffana magana da wannan zuciyar. Na je. Na tarar da mutumin yana ba wa ragonsa harawa, bai ko bar abin da yake yi ba. Ya jajanta mini, ya ce gobe da hantsi za mu haɗu a gonar. Sannan ya tambaye ni jiya a ina na yi sallar Juma'a. Na ce a Gumel mana, me ya haɗa wannan da riɗina? Ya ce ba komai, sai goben.

Raina ya ƙara ɓaci. Ana maganar gona yana tambayata masallaci. Na tsaya a ƙofar gidansa ina jin kamar ƙasa tana cizon ƙafata, na kasa komawa gida, na kasa komawa gona. Sai kawai na karya kan babur na nufi garin da caji ofis yake.

Gara in faɗi gaskiya a nan, don na sha jin ana ba da labarin nan ana ɗora wa 'yan sanda laifi. Ba su yi mini komai ba sai abin da na roƙa. Wanda na tarar a kan kanta har sau biyu yana tambayata ko mun je wurin 'yan sulhu. Na ce mun je, sun kasa. Ya ce in sani fa idan ya rubuta, magana ta zama tasu. Na ce ya rubuta. Da ya tambayi wanda nake ƙara, ban ce aminin ubana ba, na ce wani Bafillace ne. A raina na ɗauka za su zo su ga gona, su ɗan ɗaga masa murya, ya san na ji zafi, kowa ya kama gabansa. Wato aikin mai sulhu nake so, amma a yi mini shi da saurin ɗan sanda.

Biyu suka biyo ni. Suka duba ɓarnar, suka ɗauki hoto da waya, suka tambayi Baffa shanun na wane ne. Ya ce nasa ne. Suka ce to, sai ya biyo su ofis. Na ja babban cikinsu gefe na ce ai magana kawai nake so a yi masa, ba sai an tafi da shi ba.

Ya dube ni ya ce, "Malam, ƙara ka kawo, kuma an rubuta. Mu ba sulhu aka aiko mu ba."

Suka karɓi sandarsa, suka ɗora shi a babur a tsakiyarsu. Matarsa, wadda na sha nonon hannunta tun ina rarrafe, ta fito daga cikin kara ta tsaya wurin shanun. Ko dubana ba ta yi ba.

A ofis akwai ƙa'ida: duk wanda zai shiga bayan kanta sai ya cire takalmi da hula da duk abin da ya rataya. Ba da tsawa suka gaya masa ba, har Baba suke ce masa. Ya cire takalman, ya ajiye malafar. Da aka zo kan rawani sai ya tsaya, ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya. Sannan ya kama warwarewa a hankali. Shekarata talatin da biyar a lokacin, ban taɓa ganin kan Baffa ba. Ashe sanƙo ne da shi, da 'yar furfura a gefe, kan nan ɗan ƙarami. Ya naɗe rawanin ya ɗora a kan kanta, ya shiga ya zauna a kan benci tare da wasu samari biyu da aka kama suna faɗa a tasha. Da aka nemi bayaninsa ya ce shanu nasa ne, ɓarna an yi, duk abin da hukuma ta yanke ya karɓa.

Na shiga, na fita, na sake shiga. Na ce na janye ƙarar, aka ce sai babba, wato shugaban ofishin, ya dawo, ya tafi Gumel. Na zauna a ƙarƙashin darbejiya na kasa zama, na zagaya ofishin ya fi a ƙirga. Wajen la'asar wani ɗan acaɓa ya sauke mai sulhu, da falmaran ɗinsa a kan riga, ya jiƙe da gumi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda 'yan sandan suka miƙe suka gaishe shi. Ya leƙa ya yi wa Baffa magana da Fillanci, sannan ya fito ya yafuto ni.

A nan ya gaya mini abin da kowa a garin ya sani ban da ni. Jiya bayan sallar Juma'a mai gari ya sa an yi shelar sakin gonaki. Al'ada ce, kowace shekara haka ake yi: a tambaya har sau uku ko akwai wanda amfaninsa bai gama fita ba, wanda yake da saura ya miƙe ya faɗa, a gaya wa makiyaya su kauce wa wannan wajen. In ba wanda ya yi magana, washegari daji ya zama na shanu. An tambaya sau uku, ba wanda ya ambaci riɗina. Baba ya daina zuwa masallacin Juma'a tun da ido ya tafi, ni kuma ina Gumel, ban bar wa kowa sallahu ba. Na san da wannan al'ada sarai, ina yaro a gabana ake yi. Zaman birni ne ya sa na ɗauka gona tana jiran mai ita har ya sami hutu.

Ya ce kuma gonar Baba, shekara da shekaru, garken Baffa ne yake fara shigarta, da izinin Baba. Karan dawa ya kare riɗin, Baffa bai gani ba sai da shanun gaba suka isa, kuma wadda take jan garken saniyar ubana ce. Ya kore su, ya ɗaga abin da zai iya ɗagawa, ya tafi da ƙafa ya kai kansa wurin mai sulhu tun kafin in iso garin, sannan ya koma wurin shanun. Hannun da ya ɗaga mini a gona, haƙuri yake tahowa ya ba ni.

Na ce, "To Kawu, me ya hana ka gaya mini duk wannan da safe?"

Ya ce, "Da na gaya maka a lokacin, da ka ce na goyi bayan Bafillace. Wanda zuciyarsa take wuya ba ya jin magana, shi ya sa nake bari ta kwana."

Har yau ban gama yafe masa wannan amsar ba. Wani lokaci ina kwance sai in ce da ya buɗe baki ya faɗi jimla biyu, da duk haka ba ta faru ba. Can kuma sai in tuna yadda nake a safiyar nan, in san ƙarya nake yi wa kaina, ba zan saurara ba.

Babba ya dawo dab da magariba. Na rubuta takardar janye ƙara da hannuna, mai sulhu ya tsaya wa Baffa, aka rubuta cewa za a ƙarasa maganar a gida. Aka miƙo masa kayansa. Ya juya ya fuskanci bango ya naɗa rawaninsa, ya yi wa 'yan sandan godiya ɗaya bayan ɗaya. A waje na zube a gabansa ina ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ai riɗina ne, kowa ya ga abinsa a ƙasa sai ransa ya ɓaci. Na ce ya hau in kai shi gida, ya ce a'a, zai bi mai sulhu.

Da na koma, Baba bai tambaye ni komai ba sai abu ɗaya: an cire masa rawani? Na ce an cire. Tuwon da aka kai masa haka aka ɗauko shi.

Mai sulhu ya yi ta zirga-zirga tsakanin zaurenmu da ruga kusan kwana goma. Ni kuma kullum bayan an tashi daga makaranta sai in kamo hanya in zo in tsare shi da tambaya, ya ake ciki, ya sauko, zai zo? Ran nan ya gaji da ni ya ce in zauna. Ya ce shi aikinsa ya hana magana fita daga gona, don muddin tana cikin gona ta mutum biyu ce, ana iya binne ta a nan. 'Yan sanda kuwa aikinsu yana farawa ne daga inda nasa ya ƙare, kuma da sun saki mutum don mai ƙara ya kashe musu ido, da sun ci amanar kakinsu. Ya ce ni na ɗauki maganar da hannuna na fitar da ita, yanzu tana bakin mata a rijiya, tana kowace ruga daga nan har boda, ana cewa an ga wane ba rawani a bayan kanta, kuma ɗan amininsa ne ya kai shi. Wannan, in ji shi, ba falmaran da za ta iya mayar da ita.

Wata safiya Baffa ya zo da shanun Baba duka, har da 'yan maruƙa, ya tsayar da su a ƙofar gida. Ya shiga zaure suka gaisa da Baba doguwar gaisuwa kamar kullum. Ya bi shanun ɗaya-ɗaya yana faɗa wa Baba halin kowace, wadda take da ciki, wadda ba ta son a tatse ta ta hagu. Sannan ya ce zai koma wurin 'ya'yansa can wajen Damagaram, ciyawa ta fi yawa, shi kuma ƙarfi ya ƙare. Baba ya ce to ya tafi da shanun mana, ai ba yau suka fara tsallaka iyaka ba. Baffa ya ce a'a, amana gara tana kusa da mai ita. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jira ɗayansu ya ambaci abin da ya faru, ko a zage ni in ji sanyi. Ba wanda ya ambata.

Baba ya yi shekara biyu bayan nan. Ko sau ɗaya bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Mun ba wani makiyayi shanun, mutumin kirki ne, amma ba ya zama a zaure. Na koyi zama da Baba ina ba shi labarin makaranta, yana cewa to, to, madalla. Duk Alhamis ɗin da na sami sarari sai in tafi kasuwar Maigatari in shiga kara, wato wajen cinikin shanu, in yi ta kutsawa tsakanin ƙahoni ina leƙa fuskar duk mai rawani. Na ba dillalai saƙo, na ba direbobin da suke tsallakawa. Wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ai ya yi gabas. Ban sani ba ko saƙon bai isa ba ne, ko ya isa.

Bayan rasuwar Baba ma ban daina zuwa ba, ƙafa ta riga ta saba. Wata huɗu da yin rasuwar, ranar wata kasuwa da rana tsaka, na gan shi a gindin wata motar shanu yana riƙe da igiyar bijimi. Ya rame, ya ranƙwafa. Ya gane ni kafin in ƙarasa, ya miƙo mini hannu biyu, ya tambayi iyali, ya tambayi yara, ya tambayi aiki. Sannan ya ce, "Yaya jikin aminina? Idon da sauƙi?"

Sai da ya sake tambaya sannan na gaya masa.

Ya miƙa wa wani igiyar, ya tsuguna a nan cikin kashin shanu da hayaniyar ciniki, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Na tsuguna kusa da shi muka shafa. Sannan ya tambaye ni wa ya shiga kabari ya karɓe shi. Na ce ni ne, da wani ƙanensa.

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka. Tun muna samari muka yi da shi, duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai shiga ya kwantar da shi. Ni ya kamata in shiga."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya karɓi igiyarsa, don mai sayen bijimin yana jira.